Rautarmu tana mance saitinta duk sanda aka ɗauke wuta

Ɗan_Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina neman taimakon injiniyoyin zauren nan. Makarantar da nake kula mata da kwamfutoci ta sayi rauta ta hannu, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci, Cisco 2911. Na yi mata saiti kaf, adireshi da NAT da DHCP, intanet ta zo, kowa yana aikinsa. Na buga write memory, umarnin ajiye saiti, ta ce OK. To amma da zarar an ɗauke wuta, infata ta gaza kafin a tayar da janareta, idan ta sake tashi sai ta dawo fayau, ba komai a cikinta. Tambayar nan ta farko take yi mini: Would you like to enter the initial configuration dialog? Dole sai na zo da laftof na sake zuba mata saitin daga Notepad. Shugaban makaranta har ya fara cewa kuɗinsu sun tafi a banza. Shin ƙwaƙwalwarta ce ta lalace in mayar wa mai ita, ko akwai abin da za a iya yi?

MaiKebul: Wa alaikumus salam. NVRAM ɗinta, ƙwaƙwalwar da take ajiye saiti a ciki, ta mutu ke nan. Ka mayar musu da kayansu tun kafin su ce kai ka lalata.

Injiniya_Tukur: MaiKebul, dakata tukuna, kada mu sa yaro ya ɗauki ƙarfe ya yi ta yawo da shi a banza. Ɗan_Fagge ƙanena, abu biyu nake so ka yi mini lokacin da ta tashi babu saiti, kafin ka zuba mata komai. Ka ba tambayar amsa da no, ka shiga enable, ka buga show startup-config, ka gaya mini ko saitinka yana nan. Sannan ka buga show version, ka gangara har layin ƙarshe, ka kwafo mana shi yadda yake. Kada ka buga write memory a wannan halin, ko da wasa.

Ɗan_Fagge: To Injiniya, ranka ya daɗe. Yanzu na kashe ta na kunna. Ikon Allah, saitina yana nan cikin startup-config, ba abin da ya ɓace. Layin ƙarshe kuma ga shi: Configuration register is 0x2142

Injiniya_Tukur: Alhamdu lillahi, lafiyarta ƙalau. Ba mantuwa take yi ba, umarni aka ba ta cewa kada ta karanta saitin, ita kuma tana bi. Wannan lamba da ka gani ita ce rajistar saiti. Lamba ce mai bit 16 da ke zaune a NVRAM, kuma ita rauta take fara dubawa tun kafin ta loda IOS, wato manhajar da ke tafiyar da ita, don ta san daga ina za ta tashi, da wane gudu za ta yi magana ta konsol, ƙofar da ake haɗa ta da kwamfuta kai tsaye, kuma ko za ta ɗauki saitin da aka ajiye ko ta tsallake shi. Yadda take fitowa daga kamfani 0x2102 ce. Ita 0x2142 ana sa ta ne idan an mance kalmar sirri ana son shiga. Wanda ya sayar muku ya yi haka don ya goge kayan masu ita na da, bai mayar da lambar ba. A kayan hannu wannan ba baƙon abu ba ne.

Ga yadda za ka yi, kuma ka bi shi a jere. Kana cikin enable ka buga copy startup-config running-config, wato ka kwafo saitin da aka ajiye zuwa wanda ke gudana yanzu. Ka lura da wanda ya zo farko: startup ne farko, running na biyu. In ka juya su, fayau ɗin nan zai hau kan saitinka ya shafe shi. Daga nan ka buga show ip interface brief, za ka tarar ƙofofin suna administratively down, ka shiga kowace da kake amfani da ita ka ba ta no shutdown. Sai ka koma configure terminal ka buga config-register 0x2102, ka fito, ka yi write memory. In ka sake duba show version za ka ga ta rubuta 0x2142 (will be 0x2102 at next reload). Kada wannan ya tayar maka da hankali, haka take yi, sabuwar lambar ba ta aiki sai ta sake tashi.

Hajara_CCNA: Malam Tukur, Allah ya ƙara basira. Tambayata ita ce me ya sa ƙofofin suke rufe bayan an kwafo saitin, alhali a buɗe suke lokacin da aka ajiye shi? Na gwada a Packet Tracer, manhajar Cisco ta koyon aiki a kwamfuta, na ga haka, ban gane dalili ba.

Injiniya_Tukur: Malama Hajara, saboda copy ɗin nan haɗawa yake yi, ba musanyawa ba. Rauta ta tashi babu saiti, don haka duk ƙofofinta suna ɗauke da shutdown. Shi kuma fayil ɗin da aka ajiye ba ya rubuta no shutdown a ƙarƙashin ƙofar da take buɗe, shiru kawai yake yi. To da aka haɗa su, ba layin da ya zo ya ɗage shutdown ɗin, sai ya zauna. Haɗarin yana nan ne: mutum ya yi write memory bai buɗe su ba, ya ajiye rufaffun ƙofofi, ya kama hanyar gida, a kira shi a ce ba intanet.

Auwal_Zariya: Ni abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne lambobin kansu. Haddace su muka yi, 2102 da 2142, ba wanda ya taɓa gaya mana me 4 ɗin nan take yi.

Baba_2500: Auwal ɗana, ai ba hadda ba ce, lissafi ne, kuma in ka gane shi sau ɗaya ba ka sake neman takarda. Ka ɗauka makunnai 16 ne jere a bango, kowane shi ake kira bit, ko a kunne (1) ko a kashe (0), ana ƙirga su daga hannun dama, a fara da 0 a ƙare da 15. Kowane harafi ɗaya na heksa, wato ƙirgar da ke tafiya daga 0 zuwa 9 sannan A zuwa F, yana wakiltar huɗu daga cikinsu. Ita 0x ɗin gaba sanarwa ce kawai cewa lambar heksa ce.

To 2102 in ka warware ta, 0010 0001 0000 0010 ce. Uku ne a kunne: na 1, na 8, da na 13. Ita kuwa 2142, 0010 0001 0100 0010 ce. Ƙari ɗaya tak aka yi, bit na 6, kuma aikinsa ke nan, a tsallake abin da ke NVRAM. Shi ne duk abin da ya hana Ɗan_Fagge barci.

Huɗun farko, daga 0 zuwa 3, wato harafin ƙarshe na lambar, su ke faɗin inda za ta tashi. In 0 ne, ta tsaya a ROMMON, ɗan ƙaramin shirin da ke tashi kafin IOS, ta jira ka. In 1 ne, a irin su 2500 da muka fara aiki da su tana tashi da ɗan ƙaramin IOS da ke cikin ROM, ka ga router(boot)> a allo, a na baya-bayan nan kuma tana ɗaukar fayil na farko da ta samu a filash, ma'ajiyar da IOS ke zaune. Daga 2 har F, ta duba umarnin boot system da ke cikin saiti ta bi. Bit na 13 yana cewa in an nemi tashi ta hanyar sadarwa abin ya ƙi, ta koma kan abin da take da shi a gida maimakon ta yi ta nema. Na 8 kuma ya hana ta sauraron maɓallin Break, wanda ke katse ta ya kai ta ROMMON, bayan ta gama tashi. Na 5 da na 11 da na 12 su ne na gudun konsol. Duk a kashe yana nufin 9600.

A zamaninmu ma ba confreg muke bugawa a ROMMON ɗin 2500 don canza lambar ba, o/r 0x2142 ne, sannan i.

Auwal_Zariya: Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Yau na gane.

MaiKebul: To na ji, amma ni dai na taɓa riƙe wadda NVRAM ɗinta ta lalace da gaske. Yana faruwa.

Injiniya_Tukur: Yana faruwa mana, ba wanda ya musa. Amma waccan in ka buga show startup-config ba za ta nuna maka saiti lafiyayye ba, ko dai ta ce babu, ko ta kawo kuskure. Tasa ta nuna komai. Shi ya sa na fara da wannan tambayar.

Ɗan_Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Tunda Baba ya taɓo bit na 8, bari in ba ku abin da munka gani a wani ofis nan wajenmu. Rauta tana aiki lafiya lau, sai kwatsam ta tsaya, in anka duba a tarar da ita ga rommon 1 >. Ba a ɗauke wuta ba, ba wanda ya taɓa ta. Anka canza waya, anka canza soket, har anka fara zargin zafi. Ashe akwai wata tsohuwar kwamfuta da anka bari haɗe da konsol ɗinta dare da rana. Duk lokacin da anka kashe kwamfutar ko anka kunna ta, sai ta aika wani abu ta wayar da rauta ke ɗauka Break ne. Da munka duba rajista, 0x2002 ce. Bit na 8 a kashe. Wato ko yaushe Break ya zo, ko tana tsakar aiki, sai ta aje komi ta koma ROMMON. Munka maida ta 0x2102, munka cire wayar, magana ta ƙare.

Hajara_CCNA: To in bit na 8 yana hana Break, yaya ake shiga ROMMON a 0x2102 don gyara kalmar sirri? Ko sai an fara canza lambar?

Baba_2500: A'a 'yata. A daƙiƙa 60 na farko bayan an kunna ta tana karɓar Break ko da bit ɗin yana kunne. Bayan nan ne take toshe kunne.

Yaron_MikroTik: Duk wannan wahalar ta mece ce? Mu a rautocin kamfanin MikroTik ka danne maɓallin reset ka saka wuta, ko ka yi Netinstall, shi ke nan. Ba heksa ba bainari. Kuma ku duba yawancin masu raba intanet a unguwanni da otal-otal a Arewa, me suke amfani da shi?

Auwal_Zariya: Yaron_MikroTik, ai ba abu ɗaya ba ne. Reset ɗinka yana share saitin ne gaba ɗaya. Ita 0x2142 tana barin saitin yadda yake, ka shiga ka canza kalmar sirri kawai, sauran aikin shekaru yana nan. Wanda ya taɓa gadon rauta mai layi ɗaruruwa na ACL, dokokin abin da zai wuce da wanda za a tare, da babu kwafinsu a ko'ina ya san bambancin.

Yaron_MikroTik: Wanda bai ajiye kwafi ba ai shi ya so. Kuma mu ma muna da namu saitin tashi a RouterBOOT, ana zaɓar ko daga NAND ko daga Ethernet. Ba ku kaɗai ba ne.

Shugaban_Zaure: Jama'a a bar gasar kamfanoni, an sha yin ta a nan. Mai tambaya Cisco ce a gabansa.

Sabon_Shiga: Don Allah ni matsalata Break ɗin ne ma. Laftof ɗina ba shi da wannan maɓallin sam. Ina da 1841 da na saya don koyo, da kalmar sirrin masu ita na da a kanta, na kasa shiga.

MaiKebul: Wannan kam fagena ne. In PuTTY kake amfani da shi wajen shiga konsol, ka danna dama a saman tagar, ka je Special Command, ka zaɓi Break. In Tera Term ne, Alt da B. A minicom, Ctrl da A sannan F. Ka fara aikawa da zarar rubutu ya fara fitowa, kada ka jira. In duk sun ƙi, to sau da yawa wayar USB ɗin ce, wasu masu arhar ba sa isar da Break yadda ya kamata. Akwai dabara: ka buɗe konsol a gudun 1200, ka kunna rauta, ka danne maɓallin tazara kamar daƙiƙa 15, ba za ka ga komai mai ma'ana a allo ba, sai ka rufe ka sake buɗewa a 9600, ka tarar da ita a ROMMON. Amma a 1841 akwai wadda ta fi sauƙi. Ka kashe ta, ka zare katin CompactFlash da ke bayanta, ka kunna. Ba ta da IOS da za ta loda, dole ta tsaya a rommon. Ka buga confreg 0x2142, ka kashe, ka mayar da katin, ka kunna. Kada dai ka manta ka dawo da 0x2102 in ka gama, kar ka zama irin wanda ya sayar wa su Ɗan_Fagge.

Sabon_Shiga: Zare katin ya yi! Na shiga. Na gode Yaya.

Ummu_Tsaro: Ina karanta ku tun ɗazu, kuma akwai abin da ya kamata a faɗa. Duk abin da aka bayyana a nan yana nufin wanda ya samu kaiwa ga jikin rauta da shuɗiyar wayar konsol, cikin 'yan mintuna ya mallake ta. Ba shiga kawai ba, zai karanta saitin duka. Kalmomin sirrin da aka ɓoye da nau'i na 7 ana warware su nan take, ba ɓoyewa ba ce ta gaske. Mabuɗan VPN da na SNMP duk suna ciki. Ni na sha shiga ofisoshi in ga rauta a kan kanta a ɗakin da kowa ke shiga cajin waya. Shawarata, a wuraren da ba a iya kulle ta, a sa no service password-recovery. In an sa shi, wanda ya aika Break ba zai samu ROMMON ba, zaɓin da za a ba shi kawai shi ne a goge saitin duka a koma na kamfani. Ya samu ƙarfen, bai samu sirrin ba.

Injiniya_Tukur: Hajiya, maganarki gaskiya ce ta fuskar tsaro, amma ina jin tsoron a ba irin su Ɗan_Fagge wannan shawarar. Ki dubi yadda muke aiki a nan. Mutum ɗaya ne ya san kalmar sirri, ba a rubuta ta a ko'ina ba, ba kwafin saiti. Ya samu aiki a Abuja ya tafi, ko an yi rigimar kuɗi da shi, ko Allah ya yi masa rasuwa. Wanda ya gaje shi ba shi da wata ƙofa sai wannan. In an toshe ta, aikin duka ya tafi. Sannan ba kalmar sirri kaɗai ake gyarawa a ROMMON ba. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakar kwafar IOS fayil ɗin ya lalace, can za ka koma ka ceto ta. Su kansu Cisco sai da suka sa gargaɗi a kan umarnin kafin ya karɓa. Ni na fi son a sayi akwatin ƙarfe da kwaɗo.

Ummu_Tsaro: Injiniya, akwatin da mabuɗinsa yake rataye a jikinsa? Na gani da idona. Ban ce a sa shi ko'ina ba. Amma reshen banki, ko rautar da aka ajiye a harabar wani kamfani daban, ko a gindin eriya a daji, waɗannan ba ka da iko da wanda zai taɓa su. Kuma matsalar da ka kawo ta rashin kwafi ce, maganinta a ajiye kwafi, ba a bar ƙofa buɗe ba.

Injiniya_Tukur: A waɗannan wuraren na yarda, domin suna da ma'aikata da tsarin ajiya. Makarantar unguwa fa?

Ummu_Tsaro: Makarantar unguwa ma tana da sakamakon jarrabawar yara a kan hanyar sadarwarta. Amma na bar shi a nan, kowa ya auna wurinsa.

Gaskiya_Ɗaya: Wato in na gane, zan iya buɗe rautar ofishinmu in cire toshewar da aka yi wa YouTube ba tare da mai kula da ita ya sani ba?

Shugaban_Zaure: Malam, ba don haka ake koyar da wannan ba. Kayan da ba kai aka damƙa wa ba amana ce ta wani, kuma sai ka kashe ta kafin ka yi, ofis duka zai tsaya, show version kuma zai nuna lokacin da ta sake tashi. In kana da buƙata ka je ka same shi ku yi magana.

Auwal_Zariya: Bari in dawo da mu kan batun tashi. Na sa sabon IOS a filash na wata 2911, na tabbatar ya kwafu, na yi reload, ta taso da tsohon. Rajista 0x2102 ce. Me ya rage?

Baba_2500: Ba ka gaya mata wanda kake so ba. In harafin ƙarshe 2 ne kuma babu boot system a saiti, fayil na farko da ta tarar a filash take ɗauka, shi ne tsohon. Ka buga dir flash0: ka kwafo sunan sabon daidai, harafi da harafi, kada ka rubuta da ka. Sannan boot system flash0: da sunan. Ka ƙara layi na biyu da sunan tsohon, don in sabon ya ƙi ta faɗa kan wancan. Tana bin su ne yadda aka jera, saboda haka in akwai tsohon layi a sama, sai ka cire shi da no ka sake jera su. Ka duba show running-config tsakanin boot-start-marker da boot-end-marker ka ga jerin. Kafin reload ka yi verify /md5 a kan fayil ɗin ka gwada da lambar da ke shafin da ka sauko da shi. Kuma shi boot system, saɓanin rajista, cikin saiti yake zaune, in ba ka yi write memory ba bai shiga ba.

Hajara_CCNA: Baba, wannan na ƙarshen ya kawo ni kan gardamar da muka yi a aji. Wasu sun ce config-register ma sai an yi write memory, wasu sun ce a'a.

Baba_2500: A IOS na rauta ba ya buƙata. Da ka buga shi ya rubutu, shi ya sa ba ka ganin sa a show running-config, sai a show version. Abin da ke ruɗa mutane shi ne in ka buga reload tana tambaya System configuration has been modified. Save? saboda ka shiga configure terminal. A nan ake yin ɓarna. In ta tashi ne a 0x2142 ba ka kwafo saitin ba, ka ce yes, ka shafe shi da hannunka.

Ɗan_Maraɗi: Wani abu kuma da ya kamata matasa su sani. In kun haɗa konsol kunka ga tarkacen haruffa marasa ma'ana, kada ku ce ta ƙone. Gudu ne bai dace ba. Mai gyara in zai tura IOS ta xmodem, wato ta wayar konsol ɗin kanta, a 9600 abin da ke wucewa bai kai baiti dubu ɗaya ba cikin daƙiƙa, fayil mai megabait 30 sai ya ci wajen awa tara. Sai ya maida gudun 115200 don ya gama cikin ƙasa da awa ɗaya, rajista ta koma 0x3922, ya tafi ya bar ta haka. Ku gwada 115200, in bai yi ba 19200, 38400, 57600, har ku dace.

MaiKebul: Wa ke xmodem yanzu? A ROMMON ka sa IP_ADDRESS da IP_SUBNET_MASK da DEFAULT_GATEWAY da TFTP_SERVER da TFTP_FILE, ka buga tftpdnld ta sauko da IOS ta hanyar sadarwa, mintuna kaɗan. A kula dai yana gargaɗin zai goge filash. A 2911 ma ka sa fayil ɗin a filashin USB ka tashe ta daga usbflash0: kawai.

Ɗan_Maraɗi: Gaskiya ne, amma kayan da ke iso mu wasu sun girmi masu gyaransu.

Sabon_Shiga: Na duba suwic ɗina 2960, shi kuma ya nuna 0xF. Shi ma an taɓa shi ne?

Injiniya_Tukur: A'a, bar shi, haka yake. Shi ba ta rajista ake bi da shi ba. Ana danne maɓallin Mode ne a saka wuta, a buga flash_init, a canza wa config.text suna, sannan boot. A irin su 3850 da 9300 kuma SWITCH_IGNORE_STARTUP_CFG=1 ake sawa, kuma shi ma ana mance shi a kunne, a samu irin ciwon kan Ɗan_Fagge sak.

Hajara_CCNA: Abin takaici, a manhajar jarrabawar CCNA ta Cisco, 200-301, da aka fara a 2020 ba a sa wannan a jerin batutuwa kamar yadda yake a tsohuwar 200-125 ba. Da yawa cikinmu za mu ci jarrabawa ba mu taɓa ganin rommon ba.

Baba_2500: Jarrabawa daban, ɗakin saba daban. A Packet Tracer ki kashe rauta ki kunna, ki danna Ctrl da C tana cikin lodawa, za ki samu rommon ki yi ta gwaji. Amma ki nemi ƙarfe na gaske ko sau ɗaya ne.

Ɗan_Fagge: Jama'a na dawo. Na bi matakan Injiniya, na yi reload, ta tashi da saitinta. Ban tsaya nan ba, na zare wayar wuta gaba ɗaya na mayar, ta sake tashi daidai, show version yana cewa 0x2102. Allah ya saka wa kowa da alheri. Sai dai ga wata sabuwa. Makarantar tana da reshe a wani gari, tare aka sayo rautocin biyu. Na shiga ta can daga nesa ta SSH yanzu, ita ma 0x2142 ce. Ba ta taɓa nuna matsala ba saboda suna da sola, ba ta mutu ba tun da aka kafa ta. Zan iya gyarawa daga nan, ko sai na je?

Injiniya_Tukur: Gyara daga nan, yanzu ma. config-register 0x2102, sannan write memory tunda saitin da ke gudana shi ne mai kyau. Ka duba show startup-config ka tabbatar ya yi daidai da running, ka duba layin boot system da dir flash0: ka ga fayil ɗin yana nan, ka kuma kwafo saitin zuwa laftof ɗinka. Ka ga will be 0x2102 at next reload, shi ke nan. Amma kada ka yi reload daga nesa. Ka bari sai ranar da kake can da wayar konsol a hannu.

Ummu_Tsaro: Ni kuma a nan na saɓa da Injiniya. In bai gwada ba bai san ko za ta tashi ba, kuma ranar da batirin sola zai gaza ba shi zai zaɓe ta ba, ƙila ana tsakar jarrabawa. Gara ya sa rana, bayan an tashi daga makaranta, da wani a can kusa da ita, ya yi reload yana kallo.

Injiniya_Tukur: Wanin da ke can in ta tsaya a rommon me zai iya yi? Sai dai in yana da laftof da wayar konsol.

MaiKebul: Ɗan_Fagge, akwai mai laftof a reshen? In akwai, ina da wayar konsol ta USB da ba na amfani da ita, a ba direban mota ya kai masa. 2911 tana da ƙaramar ƙofar USB ta konsol ma, in yana da irin wayar mini-B ta tsofaffin kyamarori za ta yi, sai dai ya sa manhajar direbanta a kwamfutar. Ya haɗa wayarsa ta hannu ya ba ka intanet, ka shiga laftof ɗin daga nan.

Ɗan_Fagge: Akwai malamin kwamfuta a can, zan kira shi in ji irin wayar da yake da ita. Na dai canza lambar yanzu, ta nuna will be 0x2102. Maganar reload zan kai wa shugaban makaranta gobe in Allah ya kai mu, don ranar Asabar ce kawai ba kowa a reshen.